Alkamar bakin iska: nazarin wata hawasha a Jazira

Ƙa'idar ban ruwa da manoman Jazira ta ƙasar Sudan suka gada tun zamanin Turawa mai sauƙin riƙewa ce: kowane faddan a ba shi ruwa kimanin kubik mita 400, a dawo masa bayan kwana 14. Faddan murabba'in mita 4,200 ne, saboda haka in aka shimfiɗa wannan ruwa a kansa zurfinsa zai kai milimita 95, wato abin da bai cika milimita 7 ba a kowace rana. An gina ƙa'idar a kan matsakaiciyar bukatar shuka, kuma ta yi wa aikin noman Jazira hidima shekara da shekaru. Sai dai akwai gonakin da wannan rabo ba ya isar su ko da an ba su shi cif. Hawashar, wato gonar, da kawuna ya noma alkama a cikinta a wani hunturu kafin yaƙin 2023 tana cikinsu, kuma rigimar da ta biyo bayan girbinta ita ce ta sa na zauna na bi lissafin ruwa da zafin gonar daki-daki.

Wurin da mutanensa

Jazira ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, kudu da Khartum. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ruwa ke gangarowa cikinta da ƙafarsa, ba famfo: daga babbar tur'a, wato magudanar ruwa, zuwa manyan rassa, daga nan zuwa ƙananan tur'o'i, sannan ya faɗa Abu Ishirin, hanyar ruwan da ke shayar da nimra guda mai faddan 90. Daga Abu Ishirin ne Abu Sitta ke ɗiba ya kai cikin hawasha, wato yankin manomi ɗaya. Da aka ƙara ɓangaren Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960, faɗin aikin ya kai wajen faddan miliyan 2.1. Yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 ta ba Sudan kubik mita biliyan 18.5 a shekara, kuma Jazira kaɗai kan sha kusan sulusin wannan kaso.

Mu Hausawan nan, wasu kakanninmu mahajjata ne da suka taho a ƙasa suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da noman auduga ya buɗe, hannayensu na cikin waɗanda suka ɗauke shi. Har yau da yawa daga cikinmu a kambo suke zaune, ƙauyukan 'yan ƙwadago da ke gefen tur'a, kuma mafi yawa ba su da hawasha da sunansu. Abin da ake yi shi ne sharaka: mai hawasha ya kawo ƙasa da iri da taki da kuɗin tarakta, manomi ya kawo ƙarfinsa, in an girbe a cire kuɗin da aka kashe a raba saura. Ma'ana, wanda ke tsaye cikin laka da dare yana juya ruwa ba shi ne ke yanke ranar shuka ba, ba shi ne kuma ke da murya a kan ranar da za a buɗe tur'a ba. Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe, don a kansa rigimar ta tsaya.

Abin da ya faru

Hawashar faddan 4 ce, a nimra ta ƙarshe a wutsiyar wata ƙaramar tur'a. Arewa da ita babu shuka ko ɗaya, sai ƙasa baƙa da aka girbe dawa aka bari, bayanta kuma fili fetal. An shuka irin Imam, wanda masu binciken Wad Madani suka yaɗa saboda juriyarsa ga zafi. Shawarar masana ita ce a shuka alkama cikin Nuwamba, amma kuɗin huɗa da iri sun makara, ba a sa iri a ƙasa ba sai da Disamba ta kama. Tsiro ya yi kyau, ta yi 'ya'ya, ta yi ciki, ta fitar da kai. A Fabrairu, daidai lokacin da ƙwaya ke nono, ruwan da ya kamata ya dawo bayan mako biyu bai iso wutsiya ba sai da aka doshi mako uku. Laka da ciyawa sun cushe tur'ar, na sama kuma sun riga sun ɗiba. Da aka sussuka, zangarniya ga ta nan da yawa, amma ƙwaya ta tsamure, buhu ba nauyi.

Mai hawasha ya ce sakaci ne. Hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce: wata hawasharsa da ke tsakiyar yankin, a kan tur'a guda, iri guda, mako guda aka shuka, ita ma ruwa ya makara mata, amma ba ta lalace haka ba. Ya nemi a ɗora bashin taki da iri a kan kason kawu, kuma ya karɓe gonar. Kawu ya aiko aka kira ni. Ya ce, “Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Na kwana a bakin Abu Sitta da tocila, ban bar fangali ɗaya ba ruwa ba. Kai da ka yi karatun noma, duba min abin da ya ci gonar nan.”

Inda ƙarfin rana ke tafiya

Duk samfurin lissafin da ke bin mu'amalar ƙasa da shuka da iska, komai girmansa, a kan ma'auni biyu yake tsaye. Na farko na ruwa ne: abin da ya shigo gona, a cire wanda ya tashi sama da wanda ya zurare, saura shi ne damshin da ke ajiye a ƙasa. Na biyu na makamashi ne: hasken rana da ya sauka, a cire wanda gona ta mayar sama, abin da ya rage dole ya bi ɗaya daga hanyoyi uku. Ko ya shiga ƙasa ya ɗumama ta, ko ya ɗumama iskar da ke wucewa, ko ya mayar da ruwa tururi. Abin da ya ɗaure ma'aunan biyu wuri guda shi ne wannan hanya ta uku, domin mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana cin makamashi megajul 2.45, kuma lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya ita ce milimita ɗaya.

Kowa ya san randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, bushewar tana janye zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. A ranar da iska ke kaɗawa da zafi da bushewa randa ta fi sanyaya ruwa, ta kuma fi saurin ragewa. Ganyen alkama haka yake aiki: yana buɗe ƙananan ƙofofi a jikinsa don ya shaƙi iskar da yake haɗa abinci da ita, ta waɗannan ƙofofi gumi ke fita, gumin ke sanyaya shi.

Howard Penman ya haɗa ma'aunin makamashi da ƙarfin busarwar iska cikin lissafi guda a 1948, John Monteith ya ƙara masa turjiyar ƙofofin ganye a 1965, sannan hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta mayar da shi ma'aunin da duniya ke amfani da shi a 1998. Abin da yake bukata bai wuce zafin iska, da laimarta, da gudunta, da hasken rana ba. A Jazira ma an daɗe da fara wannan aiki. H. G. Farbrother ya auna bukatar ruwan amfanin gonar Jazira a tashar bincike ta Wad Madani, kuma alƙalumansa na shekarun 1970 sun daɗe suna zama tushen ƙididdigar ruwan da ake nema daga Sinnar.

Bari mu ɗauki rana irin ta Fabrairu a matsayin misali. Sama tas, ba gajimare, zafin azahar ya kai digiri 35, laima ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A ce makamashin da ya rage wa gona bayan ta mayar da nata sama megajul 13 ne a kowane murabba'in mita. Ko da dukkansa ya tafi ga busar da ruwa, milimita 5 da ɗoriya kawai zai tayar. Amma lissafin Penman da Monteith a irin wannan rana, in akwai iska, yana iya ba alkama mai cikakken ganye milimita 8. Tayar da milimita 8 kuwa yana cin kusan megajul 20. To ina sauran 7 suka fito? Daga iska. Ta ratso busasshiyar ƙasa ta kwaso zafi, da ta iso kan ganye mai sanyi sai ta sauke masa zafin, ganye ya biya da gumi. A ƙasashe masu damshi gona ce ke ɗumama iska. A gonar ban ruwa da ke tsakiyar busasshen fili kuwa, sau da yawa iska ce ke ɗumama gona.

Ba sabon gano ba ne, kuma a Jazira ɗin nan aka yi wasu daga cikin sanannun gwaje-gwajensa. Davenport da Hudson sun jera ma'aunan bushewar ruwa a kan layi mai tsawon kilomita 17 a cikin gonakin auduga da filayen da ke tsakaninsu, suka wallafa a 1967 cewa bushewa ta fi tsanani a bakin gona inda iska ke fara shiga, tana raguwa yayin da iskar ke kutsawa ciki tana ɗaukar laima. D. A. Rijks ya nuna a 1971 cewa audugar ban ruwa a nan tana fitar da ruwan da ya zarce abin da hasken rana kaɗai zai iya tayarwa. Abin da ke ba ni takaici shi ne an san wannan fiye da shekara hamsin, amma bai taɓa sauka cikin rabon ruwa ba. Nimrar da ke bakin iska da wadda ke ɓoye a bayan wasu, kason faddan ɗaya ake ƙidaya musu.

A hunturu iskar Jazira daga arewa take busowa. A Fabrairu kuma an riga an girbe dawa da gyaɗa, wasu nimrori suna hutu, kore bai rage ba sai alkama da auduga. Hawashar tsakiya da mai ita ya kafa hujja da ita tana da nimrorin alkama a arewacinta, iskar da ke isa gare ta ta riga ta sha gumin gonakin wasu. Ta kawu ita ce ta farko da iska ke tararwa.

Ƙasar da ba ta karɓar ƙari

Da ƙasar rairayi ce ko jigawa, da sai a ce a zuba ruwa mai yawa a rama. Ƙasar Jazira ba ta yarda da haka. Baƙar laka ce mai nauyi, fiye da rabinta yumɓu, irin wadda mutanen Borno suka sani a firgi. In ta bushe sai ta dare, tsaga ta buɗe har hannu ya shiga. In ruwa ya zo, ta tsagar yake gangarawa da sauri, yumɓu ya kumbura, tsaga ta rufe, daga nan kusan ba abin da ke ƙara shiga. Shi ya sa a Jazira ruwa ba ya zurarewa ƙasa can ya ɓace sosai, wanda alheri ne, amma shi ya sa kuma ba a iya yi wa shuka ajiyar kwana 20 a ban ruwa guda. Abin da ƙasa ta karɓa ta karɓa. Wanda ya rage a sama sai ya kwanta, ya toshe wa saiwa numfashi.

Nan ne samfura da yawa ke tuntuɓe. Mafi yawansu suna bin tafiyar ruwa cikin ƙasa da lissafin Richards na 1931, wanda ya ɗauka cewa ramukan ƙasa ba sa canja girma kuma ruwa na sauka sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa. A lakar da ke darewa, ruwa na iya jiƙa zurfi kafin ya gama jiƙa tsakiyar hoge, kuma in ta bushe iska na shiga tsagar ta busar da ita daga ciki. Samfurin da bai san da tsaga ba zai ce damshi na nan alhali saiwa ta fara wahala. Saboda haka ban dogara da irin wannan ba. Na ɗauki hanya mafi sauƙi ta FAO: a ɗauki ƙasa a matsayin ma'aji mai iyaka, a zuba masa abin da ban ruwa guda ke shigarwa, a riƙa cire na kowace rana.

In ma'ajin ya karɓi milimita 95, shuka na shan 8 a rana, cikin kwana 12 ya ƙare. In a bakin iska shan ya kai 9 ko 10, kwana 10 ne. Kuma shuka ba ta jira sai ya ƙare kafin ta fara jin jiki: ga alkama, da an cinye kimanin rabin ruwan da saiwa ke iya ja, ƙofofin ganye sun fara tsukewa. Ke nan ko da ruwa ya zo ranar 14 daidai, gonar bakin iska ta riga ta yi kwanaki cikin ƙishi. In ya kai kwana 20, fiye da rabin zangon a ƙishi ta yi shi.

Abin da ke biyo bayan tsukewar ƙofofi shi ne ainihin ɓarnar. Makamashin da a da yake tafiya ga gumi bai da wurin zuwa sai ɗumama ganye da zangarniya. Alkamar da ta ƙoshi da ruwa a busasshiyar iska takan fi iskar sanyi da digiri da dama, kuma masu zaɓen iri suna amfani da wannan tazara wajen gane irin da ke jure zafi. Mai ƙishi kuwa takan kamo zafin iska har ta wuce. Zafin da ya haura digiri 30 lokacin cikar ƙwaya yana gajarta kwanakin cikar, shuka ta yi saurin ƙosawa kafin ƙwaya ta cika. Makarar shuka ita ta tura wannan mataki cikin ƙarshen Fabrairu, lokacin da sanyi ya fara janyewa. Zangarniya mai yawa da ƙwaya tsamurarriya, alamar ke nan cewa shuka ta samu kulawa a farko, ƙishi da zafi suka same ta a ƙarshe. Wanda ya yi sakaci tun farko, a yawan zangarniya ake ganinsa.

Abin da tauraron ɗan'adam ya gani da wanda bai gani ba

Lissafi kaɗai ba ya raba gardama, don mai hawasha na iya cewa ni na zaɓi alƙaluman. Sai na koma ga hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, waɗanda kowa ke iya saukewa kyauta. Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021 suna auna zafin doron ƙasa, kuma in aka haɗa su, duk kwana 8 ɗaya zai ratsa ta kan wuri. Hanyar SEBAL ta Wim Bastiaanssen, ta ƙiyasta ruwan da gona ke fitarwa daga irin waɗannan hotuna, wadda aka wallafa a 1998 kuma masu bincike 'yan Sudan suka gwada ta a Jazira, tana zaɓar wuri mafi sanyi da wuri mafi zafi a hoto, ta ɗauki na farko a matsayin inda makamashi ke tafiya ga tururi, na biyu inda babu ruwan da zai tashi, sannan ta jera sauran gonaki tsakaninsu. Rauninta a wurinmu shi ne ba ta cika kama zafin da iska ke kawowa daga waje ba, abin da hanyar METRIC ta 2007 ta yi ƙoƙarin gyarawa ta hanyar ɗaure lissafin da awon tashar yanayi.

Akwai wata iyakar kuma. Ɗigon hoton zafi mita 100 ne kowane gefe. Nimra tsawonta wajen mita 1,350 ne, faɗinta 280, hawasha mai faddan 4 kuwa faɗinta mita 60 kacal. Ɗigo ɗaya ya haɗa gonar kawu da ta maƙwabci, a bakin nimra kuma ya haɗa da busasshiyar ƙasa mai ƙuna. Wanda ya ɗauki hoto guda ya ce ga gonar wane ta fi zafi, to zai iya zaluntar mutum. Abin da ke da amfani shi ne a kwatanta nimra da nimra, a kuma kwatanta wuri da kansa a ranaku daban-daban, tunda cakuɗuwar da busasshiyar ƙasa ba ta canjawa daga mako zuwa mako.

Tambayar da na yi wa hotunan ita ce: in sakaci ne, nimrar za ta nuna zafi tun kwanakin farko bayan ban ruwa, don ruwa bai game ta ba. In kuwa yawan bukata ne, za ta fara da sanyi daidai da na tsakiya, sannan ta riga su ɗumama. Na biyun ne ya bayyana. A hoton da ya biyo bayan ban ruwa, nimrar wutsiya da ta tsakiya kusan launi guda. A na ƙarshen zangon da ruwa ya makara, duka biyun sun ɗumama, amma ta wutsiya ta yi nisa, kuma ba hawashar kawu kaɗai ba, duk layin da ke fuskantar arewa, har da gonakin da masu su da kansu suke shayarwa.

Gaskiya ɗaya da ba ta yi wa kawu daɗi ba ita ma ta fito. Da ruwan ya iso bayan dogon jira, ya bar shi ya kwana a fangali yana son ya rama, kuma a kwarin gonar ruwa ya tsaya har ganye ya yi rawaya. Wannan ya rage wani abu. Amma ɗan yanki ne, kuma abu ne da kusan kowane manomin wutsiya ke yi, don bai san ranar da zai sake ganin ruwa ba.

Zaman sulhu

An zauna gaban samad, wato wakilin manoman nimrar, da limamin kambo da wasu dattawa. Ban kai musu megajul ba. Na nuna hotuna biyu a waya, na ce a dubi layin arewa gaba ɗaya, na kuma roƙi mai hawasha ya tambayi maƙwabtan da ke layin nauyin buhunansu. Dattawan ba su yi mamaki ba, sun ce kowa ya san gonar bakin fili ta fi saurin bushewa. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne a ɗauki wannan sani a matsayin hujja lokacin rabon asara. Mai hawasha mutum ne mai jin magana. Ya ce da kawu, “Hajji, na yi maka zato, ka yafe ni.” Aka cire kuɗin taki da iri daga tsabar gaba ɗaya yadda aka yi alkawari tun farko, aka raba ɗan abin da ya rage, aka kuma amince cewa in ba a samu shuka cikin Nuwamba ba, a wannan hawasha gara a haƙura da alkama a shekarar.

A ganina sulhun ya gyara tsakanin mutum biyu ne kawai, bai taɓa tushen ba. Muddin ana ƙidaya ruwa da faddan ba tare da duban inda faddan ɗin yake ba, gonar wutsiya da ke bakin iska tana cutuwa sau biyu: ita ce ta fi bukata, ita ce kuma ta ƙarshe a layi. Kuma irin waɗannan gonaki ne masu su suka fi saurin bayarwa sharaka, don sun san wahalarsu. Ta haka asarar da iska da laka suka haddasa take gangarowa kan mutanen kambo, a kira ta lalaci.

Daga hawasha zuwa gajimare

Abin da ke faruwa a bakin nimra guda yana faruwa a bakin Jazira baki ɗaya. A 2015 Ross Alter da Eun-Soon Im da Elfatih Eltahir, farfesa ɗan Sudan a jami'ar MIT ta Amurka, sun wallafa bincike a mujallar Nature Geoscience inda suka haɗa tsofaffin awon ruwan sama da samfurin yanayi na yanki. Sun gano cewa ban ruwan Jazira yana sanyaya doron ƙasa har ya rage tashin iskar da ke haɗa hadari a kan aikin kansa, ruwan sama ya ragu a can, ya ƙaru a gabas, wajen Gadarif. Gadarif kuwa ita ce rumbun dawa da riɗin Sudan da ake nomawa da ruwan sama, kuma akwai Hausawa da yawa a can. Ke nan yadda ake buɗe tur'a a Sinnar yana da hannu a damina ta 'yan'uwanmu da ba su taɓa ganin Abu Ishirin ba.

Sai dai duk wannan lissafi, na hawasha da na gajimare, yana rayuwa ne da awon da aka yi a ƙasa, kuma nan ne muke da talauci. Gwajin HAPEX-Sahel da aka yi kusa da Yamai a 1992 ya ba masana awon da suka gyara samfura da shi don rairayi da gero da sabara. A Sudan, hasumiyar awo ta Demokeya kusa da Al-Ubayyid, wadda jami'ar Lund ta Suwidin ta yi aiki a kanta tare da masu binciken ƙasar, ita ma a rairayin Kurdufan take, cikin itatuwan ƙaro. Babu ɗayansu da ke wakiltar baƙar laka mai darewa da ake shayarwa. Shafin WaPOR da FAO ta buɗe a 2017 yana ba da ƙiyasin ruwan da gonakin Afirka ke fitarwa kyauta, amma ƙiyasi ne daga sama, yana bukatar wanda zai gwada shi da abin da ke ƙasa. Ni ma zafi da iskar da na yi lissafi da su na tashar Wad Madani ne, mai nisa da nimrar, ba na bakin filin ba.

Yarjejeniyar shukar Nuwamba ba ta samu gwaji ba. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a Disambar shekarar, daidai tsakiyar kakar alkama, sojoji ba su karɓe ta ba sai Janairun 2025. A tsakanin nan mutane sun watse, an wawashe kayan aiki da na bincike, tur'o'i sun ƙara cushewa, mutanen kambo kuma sun sha wahala mai tsanani. Yanzu da ake maganar gyara, hankali zai tafi ga yashe laka da ƙofofin ruwa, kuma daidai ne a fara da su. Abin da nake roƙo a sa cikin jerin ba mai tsada ba ne: sandar awon ruwa a bakin kowane Abu Ishirin na wutsiya, da littafin da samad zai riƙa rubuta ranar da ruwa ya zo da ranar da ya ɗauke, da 'yan ƙananan tashoshin yanayi masu aiki da hasken rana a gefen arewa na yankuna, ba a harabar ofis kaɗai ba. Da waɗannan uku, ɗalibin noma mai kwamfuta zai iya faɗa wa nimra tun ranar 9 ko 10 cewa ma'ajinta ya kusa ƙarewa, a nemi a gabatar da ita a layi kafin ƙwaya ta tsamure.